Lorne da Masuncin Aro

"Tsibirin Hayaƙi? Ai ni na gama da wannan wasan tun bara," in ji Lorne Hrynyk, yana juya cokali a kofinsa. "Na shiga, na zagaye shi kaf, na kashe duk abin da ke numfashi a ciki, na fito. Wasan yara ne. Ko hannu ɗaya aka ɗaure min zan yi shi."

Bai taɓa buɗe wasan ba. Ko hotonsa bai taɓa tsayawa ya kalla da kyau ba.

A shagon kofi na garin Oakmere ya saki wannan magana, ranar Laraba da hantsi, a teburin da rundunar Dilolin Kwari ke zama. 'Yan rundunar duk mutanen gari ne da na gonakin kewaye, kuma sun shekara da shekaru suna yaƙi tare a Kambun Ƙarfe, wasan kwamfutar nan da dubban mutane ke shiga lokaci guda, kowa da jaruminsa. A cikin gari Lorne mai sayar da kayan gyaran tarakta ne, ga tumbi ga ciwon gwiwa. A Kambun Ƙarfe kuwa shi ne Sarkin Yaƙi. Dokinsa na zinare, gidansa a kan dutse, har da gunkinsa a ƙofar sansani, wanda shi da kansa ya kafa, ya kuma rage masa tumbin.

Abin da ya jawo maganar, Darlene Friesen ce, direbar bas ɗin makaranta kuma shugabar runduna, ta ce lokaci ya yi da za a tattara a koma sabon wasa.

"Kambun Ƙarfe ya tsufa, Lorne," in ji ta. "Jiya na tsaya tsakiyar babbar kasuwa, daga ni sai wani mutum yana barci a tsaye. Dodon da muka kashe makon jiya shi muka kashe bara, shi muka kashe bara waccan. Har ya fara gaishe mu."

"Zumunci ke nan."

Gord Lavallee mai aski ya sa baki. "A Tsibiri rai ɗaya gare ka, mutumina. In ka mutu ka mutu, sai ka koma bakin ruwa da ɗan kamfai da sanda ka fara daga farko. Shi ya sa in ka shiga kogo sai ka ji zuciyarka a wuya. A naku kuwa ka mutu kafin abincin rana, ka tashi ka kaɗe riga, ka sake mutuwa."

"Naku? Yaushe ya zama naku, Gord?"

Gord ya shiga kallon cikin kofinsa. Nan Lorne ya gane cewa rabin teburin sun jima da yin jarumai a Tsibiri a ɓoye. Ya hango kansa ba doki, ba gunki, yana bin bayan mai aski da ɗan kamfai da sanda. Sai bakinsa ya buɗe da kansa, maganar nan ta fito.

Darlene ta dube shi irin kallon da take wa yaran kujerar baya ta madubi.

"Madalla. Ashe muna da gwani muna ta wahala. To Asabar ce taronmu na shekara, an kama zauren kulob, za a kafa majigi. Ka zo da jaruminka ka ja mu cikin Kogon Ƙaguwa kowa yana kallo. In ka nuna mana wasan yara ne, mun zauna a Kambun Ƙarfe, ba zan sake tayar da maganar ba. In ba haka ba, a ɗaga hannu a wurin."

"Kogon Ƙaguwa kawai?" in ji Lorne. "Na ɗauka abu mai wuya za ki ce."

Daga shagon bai zarce ko'ina ba sai gidan Merv Sigurdson. Merv tsohon abokin aikinsa ne da ya yi ritaya, gwauro, ba ya cikin runduna, ba ya shiga harkar kowa, amma an ce tun ranar da aka buɗe Tsibiri yake ciki. Lorne ya same shi a gareji yana gyaran injin kwalekwale.

"Jarumin naka ya kai mataki na nawa?"

"Na ƙarshe," in ji Merv. "Babu sama da shi."

Lorne ya ji kamar ya rungume shi. Ya ce aro yake so na yini ɗaya, don ya nuna wa mutane kyan wasan a majigi. Merv ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Nunawa kawai?"

"Nunawa kawai, Baba."

"Kada ka fitar da shi daga gari. Ka bar shi inda na ajiye shi. Rai ɗaya gare shi, kuma ni ma ba ni da wani."

"Ko inuwarsa ba za ta fita ba."

Lorne ya koma gida da kalmar sirri a aljihu da niyyar ya yi kwana biyu yana koyo. Sai dai wasan ya ce a jira shi ya sauka a kwamfuta, layin intanet na titinsu kuwa tafiyarsa irin ta tarakta mai jan kaya ce. Alhamis ta wuce yana kallon wani ɗan layi kore yana jan ciki. Juma'a aka yi iska, layin ya katse, abin ya koma farko. Matarsa Noreen, wadda ba ruwanta da wasanni, ta leƙo tana ƙulla perogi na taron, wato 'yan curin fulawa masu dankali a ciki.

"Maigida, lafiya kake yi wa kwamfuta magiya?"

"Shiri nake yi."

Wasan ya gama sauka da safiyar Asabar, daidai lokacin da Noreen ke danna masa hon a waje.

Zauren ya cika. An jera tebura, kowa ya kafa kwamfutarsa, wayoyi sun rarrafe ko'ina a ƙasa. Waɗanda ba sa wasa, mata da mazan 'yan runduna, sun ja kujeru gaban farin bango suna jira kamar sinima. Noreen tana gefe da babbar tukunya da ludayi. Darlene ta haɗa kwamfutar Lorne da majigi, don haka duk abin da ya danna sai ya fito a bango, girman ƙofar gareji.

Lorne ya miƙe ya yi ɗan jawabi. Ya ce masu raunin zuciya su runtse ido. Ya zauna, ya shiga.

Bango ya yi haske. Ga kogi, ga rana, ga wani ɗan tsoho da malafa zaune cikin kwalekwale, ƙafafunsa a ruwa. A saman kansa an rubuta: Baba Ƙugiya.

Gord ya miƙa wuya yana duba bango.

"Wannan ne?" in ji Gord.

"Shigar burtu ce," in ji Lorne. "Don kada magabta su gane ni."

"Ina takobin?"

"Yana jaka."

Ya buɗe jakar, ita ma ta fito a bango. Kifi. Kifi ɗanye, kifi busasshe, kifi mai ƙyalli, tsutsar kamun kifi a gwangwani, tukwane, albasa, wata kujerar ninkewa. Ashe Merv ya kai mataki na ƙarshe ne ba tare da ya taɓa marin ko sauro ba. Da kamun kifi da girki ya hau.

"Manya ba sa yawo da takobi a nan," in ji Lorne da sauri, ya rufe jakar. "Wannan na masu koyo ne. Mu je."

Zuwan ne ya gagara, don bai san yadda ake fita daga kwalekwale ba. Ya danna madannin da ke kiran dokinsa a Kambun Ƙarfe. Baba Ƙugiya ya miƙe a natse ya jefa fatsa. Ya danna wani, tsohon ya jawo wani ƙaton kifi, wasan ya buga ɗan kiɗan taya murna. 'Yan kallo suka tafa, don sun ɗauka cikin shirin ne.

"Guzuri," in ji Lorne.

"Ranka ya daɗe, madannin hagu," in ji Gord. "Ko a bara dama yake?"

"Sun canja."

Da ƙyar aka hau tudu. Jaruman runduna suna jira a bakin gada, Darlene da garkuwarta, Gord da baka, sauran da sulke da sanduna masu wuta. Baba Ƙugiya ya shige gabansu da malafa. Kafin su fita daga gari baƙi sun fara tare shi, rubutunsu yana fitowa a bango. Wani ya ce, Baba, akwai miyar jiya? Wata ta ce, Baba, ya ƙafar, ka ga likitan? Wani kuma ya ajiye masa albasa ya wuce ba magana.

"Talakawana ne," in ji Lorne. "Na taɓa ceton garin."

"Da miya?" in ji Darlene.

A ƙofar gari ya tuna da Merv da tsummansa. Ya ɗan tsaya. Sai ya tuna da gunkinsa, ya danna gaba.

Hanyar kogon ta bi ta cikin kurmi, kuma duk wanda ya san Tsibiri ya san ana bin ta shiru ne, ba wuta, ba gudu. Suna tsakiya wani abu ya yi motsi a ciyawa. Hannun Lorne, wanda ya shekara goma sha yana ɗaga garkuwa da madanni guda, ya danna shi tun kafin ya yi tunani. Baba Ƙugiya ya durƙusa, ya haɗa murhu, ya ɗora tukunya, ya ware kujerarsa ya zauna. Hayaƙi ya tashi.

"Lorne," in ji Darlene a hankali, "me kake dafawa?"

"Tarko ne. Ku zuba ido."

Ɓeraye masu girman maruƙa suka fito daga kowane gefe, sun ji ƙamshi. Zauren ya kaure da ƙarar madannai. Darlene tana ba da umarni, mai magani, wadda ke warkar da 'yan runduna, tana ihun a matso kusa da ita, Gord yana gudu yana harbi da ɓera a gindinsa. Shi kuwa Baba Ƙugiya yana zaune yana juya miya, domin wasan ba ya barin mai girki ya tashi sai abinci ya nuna. Lorne ya danna duk abin da yatsunsa suka samu. Tsohon ya ƙara gishiri.

Da ƙura ta lafa ba wanda ya mutu, amma jinin Gord saura ɗan ja siriri. Ya cire abin kunnensa, gumi har wuyan riga.

"Wata nawa ina renon wannan maharbin, Lorne. Ko 'ya'yana ban rena haka ba."

"Ga shi kuwa da ransa. Kun ga yadda na tara muku su wuri ɗaya? Da ɗaya ɗaya za su riƙa cin ku. Zo ka sha miya."

Abin haushi, miyar ta mayar wa Gord da jininsa tsaf. Lorne ya gyara zama, ya dubi jama'a, ƙarfinsa ya dawo har ya yi yawa.

Kogon Ƙaguwa duhu ne da ɗigar ruwa. Can ƙurya wata ƙaguwa mai girman rumbun alkama tana barci. Al'adar kowace runduna ce, ba a taɓa dodo sai kowa ya tsaya wurinsa, mai garkuwa ta shige gaba, jagora ya tambaya ko an shirya, kowa ya amsa. Darlene ta fara raba wurare. Lorne ya ga ana neman a manta da shi, ya ce bari ya sa wa dodon alama a ka, yadda jagora ke yi, don a san wa ke jan tafiyar. Ya auna, ya danna.

Fatsa ta tashi ta ratsa kogon, ta sauka cikin idon ƙaguwa.

Ba wanda ya tsaya wurinsa. Mai magani ma ta tafi ɗebo perogi. Ƙaguwar ta miƙe, ta tsallake Darlene da garkuwarta kamar ba ta gan ta ba, ta nufo mai malafa. Lorne ya juya ya zura da gudu, sai dai bai saki fatsar ba, don bai san yadda ake saki ba, saboda haka duk inda ya yi tana biye da shi a ɗaure. Suka zagaya kogon. Suka sake zagayawa. 'Yan kallo sun miƙe tsaye.

"Wannan ma tarko ne?" in ji Gord.

Ƙaguwar ta kai masa ɗaya. Jinin Baba Ƙugiya ya zube ya koma ja, bangon duka ya shiga bugawa kamar zuciya. Lorne ya hango fuskar Merv.

Sai wani zobe a yatsan tsohon ya yi walƙiya. Haske ya tsage tsakiyar kogon, wata jaruma ta faɗo daga ciki, doguwa, baƙin sulke, gatari a kowane hannu. Ta tsaya tsakanin tsohon da dodon. Abin da ta yi wa ƙaguwar nan ba a daɗe ana yi ba. Kafin mai magani ta dawo da farantinta an gama, ƙafafu ko'ina.

Zauren ya ɗauki tafi. Lorne ya share goshi, ya miƙe, ya ɗan rusuna.

"Na ce muku ku zuba ido. Ɗaya daga cikin dakaruna ce. Ina da irinta da yawa."

Jarumar ta juyo ta durƙusa gaban Baba Ƙugiya, rubutunta ya fito a bango, kowane harafi girman tafin hannu.

*Tsohona. Me ya kawo ka nan? Ka ji ciwo?*

Ta rungume shi. Wasan ya saki 'yan jajayen furanni a kansu.

"Au," in ji Gord, murya ƙasa ƙasa amma yadda kowa zai ji. "Zoben aure ne. A Tsibiri in mutum biyu suka yi aure, ɗaya ya shiga haɗari, zoben ke jawo ɗayan. Ba a kuwa ba da shi sai an shekara ana tare."

Ludayin Noreen ya tsaya a cikin tukunya.

"An shekara ana me?"

"Uwargida, ba mutum ba ce," in ji Lorne. "Kwamfuta ce ke..."

*Na bar wankin kaina a rabi na taho. Ɗiyata tana tambaya wa ya mutu.*

"Kwamfutar tana da ɗiya," in ji Noreen. Ta ajiye ludayin, ta tako har gaban bango, ta gyara tabarau.

Lorne ya duba hagu, Darlene ta harɗe hannu tana jira. Ya duba dama, Noreen. In ya ce jarumin ba nasa ba ne, doki da gunki sun tafi. Ya zaɓi ya ƙara taku ɗaya.

"Auren siyasa ne. Kowane babban jarumi yana yi. Don ƙawance. Ko sunanta ban sani ba."

*Shi ya sa ba ka zo shan kofi a baranda da safe ba? Na jira ka har ruwan ya huce. Tunda muka gina gidan nan ba ka taɓa fashi ba.*

"Gida," in ji Noreen. "Da baranda. Ni shekara nawa ina roƙon ka gyara min matakalar baya?"

"Noreen, gidan zane ne."

"Kullum da safe. Wato buɗe shago da wuri da kake cewa."

"Shagon nake buɗewa."

"Gord, ana iya yi mata magana?"

"Sosai ma, 'yar'uwa," in ji Gord, har ya riga ya turo mata allon madannai. Lorne ya kai hannu, ta buge shi. Da yatsa ɗaya ta rubuta, tana neman haruffa. Tambayar ta fito a bango daga bakin Baba Ƙugiya: me na ce miki jiya?

Amsar ba ta ɓata lokaci ba.

*Ka ce tunda kake ba ka taɓa samun wadda ta iya sauraronka kamar ni ba. Ka ce in sanyi ya shigo za ka tuƙo mota har garinmu Tucson in gan ka ido da ido. Ka fasa ne?*

Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji. Noreen ta kwance ɗamarar girkinta, ta ninke ta da kyau, ta ajiye kan tebur. Ta rufe tukunya. Ta ɗauki makullin mota.

"Tucson da nisa," in ji ta. "Gara ka kama hanya tun yanzu. Kayanka za su jira ka a matakalar baya, ka yi hankali da ta biyun."

Ta nufi ƙofa. Lorne ya miƙe, igiyar abin kunne ta fizgo shi, ya dawo, ya cire, ya sake miƙewa.

"Na Merv ne."

Noreen ba ta tsaya ba.

"Na Merv Sigurdson ne!" Muryarsa ta cika zauren. "Tsohon nasa ne, matar tasa ce, barandar tasa ce. Aro na yi. Ban taɓa shiga wasan nan ba sai yau. Ban san komai a cikinsa ba, ko daga kwalekwale ban iya fita ba, kun gani da idonku. Noreen, ni ko Tucson ban san ta ina ake bi ba."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta juyo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Wato ƙarya ka yi wa mutane."

"Ƙarya ce."

"Tun daga farko."

"Tun daga farko."

"To da sauƙi," in ji Noreen. "Wannan na saba da shi." Ta dawo ta buɗe tukunyarta.

Dariyar da aka riƙe tun daga kwalekwale ta ɓalle gaba ɗaya. Darlene ta bari ta lafa, sannan ta miƙe.

"Masu son a koma Tsibiri."

Hannuwa suka tashi ko'ina, har na waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. A bango kuwa jarumar tana nan tsaye kan Baba Ƙugiya, gatarinta yana ɗiga.

*Tsohona ba ya manta abin da ya faɗa min. Kai ba tsohona ba ne. Ko wane ne kai, ka cire hannunka daga kansa. Ina kiran sa a waya yanzu.*

"Ka ji ta," in ji Darlene. "Fita daga wasan, Lorne, kafin wani abu ya sake farkawa."

Lorne ya zauna. Ya dubi madannai, ya dubi bango, ya ɗaga yatsa ɗaya ya riƙe shi a sama. Jama'a suna jira. Wayarsa ta fara ruri a aljihu, ko bai duba ba ya san Merv ne.

"Gord," ya ce a hankali, "ina ake dannawa?"